Sunkuyau da Gidan Hayarsa

Mijin yayata mai hoto ne, amma ba irin wanda ake kira wajen biki ba. Gine-gine yake ɗauka. Makaranta, asibiti, tashar mota, gidan wani mai hali da aka gama wa fenti jiya. In mutum ya gifta gaban kyamararsa sai ya dakata ya jira shi ya wuce, ko da kuwa mai gidan ne.

Sunkuyau ake ce masa, kuma kyamarar ce ta jawo masa sunan. Wani baƙin akwati ne mai ido biyu, ɗaya bisa ɗaya, da ɗan hannu a gefe da ake juyawa kamar na keken ɗinki. Ba a kai ta fuska. Wajen cibiya ake riƙe ta, a buɗe murfin sama a leƙa ciki, kamar mai duba ko rijiya ta kawo ruwa. To duk inda ka gan shi a sunkuye yake. Yara su taru suna cewa ga mutumin nan mai gaida gidaje. Tun yana jin haushi har ya bari, har ya zama in an kira ya amsa. Yanzu ko babu kyamarar, haka bayansa ya zauna.

Ni kafinta ne, ko in ce na yi kafinta. Ni ne ƙaramin gidanmu, kuma har yau da furfura ta gama da kaina, shi da Yaya ba su da abin kirana sai Auta. Abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani kuwa shi ya gaya mini a bakin shagona, a ranakun da ni babu aiki shi babu aiki.

Asali ɗan aike ne a ofishin wani tsoho mai zanen gine-gine. Shara, kai takarda, riƙe jaka. In tsohon zai je ɗaukar hoton ginin da aka gama, shi ke saɓa masa ƙafafun katakon nan uku da ake ɗora kyamarar a kai. Yau da gobe ya fara leƙawa, tsohon ya ga yana da natsuwa, ya koya masa. Da ƙarfin tsohon ya ƙare ya rufe ofis, sai ya bar masa kyamarar da injin buga hoto ya ce je ka ci abinci. Da ita ya auri Yaya, da ita ya ciyar da 'ya'ya.

Abu ɗaya tsohon ya dasa masa a kai, shi ne kada a ɗaga wa gini kai. In ka tsaya a gindin bene ka karkata kyamara sama don ka samu ƙarshensa, bangayen za su fito sun tsuke ta sama, gidan ya yi kamar zai faɗi da baya. Sunkuyau ba ya iya kallon irin wannan hoto. Ya ce mini, "Auta, magini ya sha rana ya tsayar da bango cak, kai kuma ka zo ka kwantar masa da shi a takarda. Ai ƙazafi ne." Maganin abin ɗaya ne. Ka nemi abin hawa a tsallaken ginin, ka hau har ka kai tsakiyar tsayinsa, ka zaunar da kyamara daidai ba sama ba ƙasa. Saboda haka rabin aikinsa hawa ne. Ya hau bayan babbar mota, ya hau tankin ruwa, ya hau rufin mutanen da bai sani ba. An taɓa sauko da shi daga kan wata bishiya da duwatsu, an zaci matan gida yake leƙe. Ya dawo da kumburi a goshi, Yaya tana gasa masa da ruwan zafi tana cewa, "Gobe ma ka hau. Gidan zai zo ya duba ka."

Da wayoyin nan suka zo, aikin ya fara ja da baya. 'Yan kwangilar da ke aiko masa mota suka daina. Kowa ya zaro waya ya ɗauki gininsa a kwance ko a tsaye, babu wanda ya damu. Fim ya yi wuya, ruwan maganin wanke shi ya yi wuya. Sannan gwiwoyinsa suka ce su ma sun gaji. Ya koma zama. Lokaci-lokaci ya fito da kyamarar ya goge mata idanu, ya juya hannun ya ji ƙararsa, ya mayar cikin jaka.

Gidan da suke haya bene ne mai hawa uku. Su suna ƙasa, ɗaki biyu, dab da ƙofar shiga, tagarsu tana kallon titi. A bakin tagar nan Yaya ta kafa keken ɗinkinta tun tana amarya. Duk mai shiga gidan sai ya tsaya ya gaishe ta, duk mai fita sai ya bar mata makulli ko saƙo ko yaro. A nan ta haifi 'ya'yanta, a nan ta aurar da su. Kuma duk gidajen da mutumin nan ya ɗauka a duniya, bai taɓa ɗaukar wannan ba.

Ba wai ba ta tambaya ba ne. Ta sha tambaya. Wani lokaci ya ce fim ɗin na masu aiki ne, hoto goma sha biyu kawai yake ci, babu na wasa a ciki. Wani lokaci ya ce rana ba ta samun fuskar gidan sai da hantsi, shi kuwa da hantsi yana wurin aiki. In ta matsa ya ce, "Gidan guduwa zai yi? Muna ciki fa." Har ta gaji ta daina.

Sai mai gidan ya rasu, magada suka sayar. Wanda ya saya ya ce rushewa zai yi ya gina shaguna. Masu haya suka fara kwashe kaya ɗaya bayan ɗaya. Babban ɗan Yaya, wanda muke kira Direba don babbar mota yake tuƙawa, ya ce su koma wurinsa can ƙarshen gari, ya gyara musu ɗaki.

Ranar tashi na je taya su. Mun gama lodi, ƙura ta cika mu, Yaya ta tsaya a tsakiyar titi tana kallon gidan. Direba ya zaro waya ya ce, "Umma, bari in ɗaukar miki, ki riƙa gani."

Ta ce, "Mayar da abarka aljihu."

"Ai yana fita fes, Umma."

"Na ce mayar. Mai hoto na aura." Ta juya wajen mijin, yana zaune kan wani kwali yana murza gwiwa. "Kai nake nufi. Na yi maka wanki, na yi maka gashin goshi, na yi zaman jira a bakin ɗakin duhu har abinci ya huce. Abu ɗaya nake so. Hoton gidan nan da tagata a ciki, na takarda, wanda zan riƙe a hannu. Yanzu dai ka ga yana guduwa."

Ya dai gyaɗa kai. Da muka shiga mota ya matso kusa da kunnena ya ce, "Auta, akwai fim ɗaya da na ajiye a firjin mai sayar da lemo. Ka shirya ƙafarka."

Muka koma bayan kwana kaɗan, da safe. Gidan ya zama kango. An cire wasu ƙofofi, akuya na kwance a matakala. A tsallaken titi akwai gidan burodi mai rufin siminti, da fili a gabansa inda ake tara itace. Tun da daɗewa Sunkuyau ya san nan ne wurin, rufin ya yi daidai da tsakiyar benen. Mai burodi ya fito da gari har gira, ya dube mu sama da ƙasa.

"Baba Sunkuyau, wai rufin za ku hau? Ku biyun nan?"

"Mu biyun nan."

"In kuka faɗo mini cikin tanda fa, me zan ce wa Umma?"

"Ka ce mata yau burodin da nama."

Mai burodi ya yi dariya ya nuna mana tsanin. Na ƙarfe ne, a manne da bango, a miƙe kamar sanda. Na dubi ƙafafun katakon da na saɓo, na dubi tsanin. Hannu biyu hawan yake so. Muka jingine su a ƙasa a kan in mun huta zan nemo igiya in jawo su. Na rataya jakar kyamarar a wuya, na sa shi gaba ina bayansa, kafaɗata a ƙarƙashinsa. Kowane mataki sai ya tsaya. Ina jin numfashinsa kamar ana zuga wuta, ina jin gwiwar tana ƙara.

Ya ce, "Auta, tura mana. Ko yayarka ba ta ba ka abinci ba kana yaro?"

Na ce, "Ta ba ni. Da ka aure ta ne ka cinye rabona, ga shi yau ina ɗauke da shi."

Da muka kai sama ya zube a gindin tanki. Fuskarsa ta yi toka-toka. Zafin tanda yana ratso simintin har cikin takalmi. Na ce bari in nemo igiyar. Ya ɗaga kai ya dubi gidan, rana ta fara sauka a fuskarsa daga sama, kowane bulo ya fito da inuwarsa.

Ya ce, "Bar ta. Kafin ka sauka ka hau rana ta juya. Ga katanga nan, ta isa."

Akwai 'yar katanga da ta zagaye rufin, tsayinta ya kai ƙugu, samanta da faɗi. Ya ɗora kyamarar a bakinta ta wajen titi. Da ya ɗan taɓa ta sai ta yi tangaɗi kamar za ta tafi ƙasa. Gabana ya faɗi, nasa ma. Ya jawo ta baya kamar tafin hannu guda, inda take zaune lafiya. Ya fito da ɗan ma'aunin nan na magina mai ƙwayar ruwa a ciki, ya ɗora a kai. Na ba shi 'yan ɓarɓashin katako daga aljihuna yana cusa mata a ƙasa, har ƙwayar ta tsaya tsakiya. Sannan ya buɗe murfin ya sunkuya.

Ya ce, "Zo ka gani."

Na leƙa. Ga gidan nan cikin ɗan gilashi, ƙarami, a tsaye cak, ya fi yadda yake a ido kyau. Dama ta koma hagu, haka kyamarar take nunawa. Can ƙasa dab da bakin gilashin ga ƙofar shiga, ga tagar Yaya. Duk sun shiga.

Daga nan bai ƙara motsa ta ba. Ya jira wani mai kura ya wuce, ya danna. Ya juya hannu. Ya jira akuyar ta bar bakin ƙofa, ya danna. Gajimare ya zo, ya jira. A haka har fim ya ƙare. Ya rufe murfin a hankali ya ce, "Shi ke nan. Na fita hakkin matar nan."

Saukowa ta fi hawa wuya. Sai da mai burodi da ma'aikacinsa suka tarbe shi. Washegari gwiwoyin suka kumbura kamar tulu, zazzaɓi ya rufe shi, ya kwanta. Ruwan maganin da yake da shi kuma ya lalace a cikin kwalba, sai da Direba ya yi saƙon wani daga babban birni. Ana cikin wannan jira katafila ta zo. Ni na je na gani. Kafin la'asar babu komai sai tudun bulo da ƙarafa a lanƙwashe, mutane suna tsintar katako. Ban gaya wa Yaya ba, amma ta ji.

Sabon ɗakin nata tagarsa bangon maƙwabci take kallo. An ajiye keken ɗinkin a lungu an rufe da zani. In na je gaishe su, kafin in zauna za ta ce, "Auta, maganin ya iso?" In ce tukuna. Ta ce to.

Da ya iso, kuma Sunkuyau ya iya taka ƙasa, sai muka mai da ɗan ɗakin ajiya na bayan shagona ɗakin duhu. Na toshe ramukan ƙofa da tsumma, na rataya tsohon bargo. Muka kafa injin buga hoton a kan benci, da jar fitila, da farantai uku na magani. Ya wanke fim ɗin cikin gwangwaninsa, yana juyawa yana ƙirga a zuci, ya ɗauraye, ya maƙale shi a waya da abin shanya. Muka buɗe ƙofa don haske ya shigo. Ya ɗaga shi yana dubawa, daga na farko zuwa na ƙarshe, ya sake dawowa na farko.

Sai ya nemi gwangwanin fenti ya zauna.

Na ce, "Lafiya?"

Ya miƙo mini. Ni ban iya karatun fim ba, baƙi fari ne fari baƙi. Amma na ga benen, na ga tagogin sama reras. Ƙasan kowane hoto kuwa wayam, kamar gilashin da aka goge. Duka goma sha biyun.

Ya ce, "Katangar ce."

"Wace katanga? Ai na leƙa da idona, na ga tagar."

"Ka gani da idon sama." Muryarsa ta yi ƙasa, kamar mai ba da labarin wani. "Na sama na kallo ne kawai, Auta. Na ƙasa shi ke ɗauka. Tsakaninsu yatsa uku. Da na jawo ta baya, na sama yana hango tagar ta kan bakin katanga, na ƙasa kuwa siminti yake kallo. Abin da ake gaya wa yaro ranar da ya fara riƙe ta ke nan. Ni da bakina na sha gaya wa mutane."

Na ce gajiya ce, kowa ya hau tsanin nan hankalinsa sai ya rabu biyu. Can ya sake karɓar fim ɗin ya kai shi dab da ido, ya ce a bakin inda wayam ɗin ya fara akwai ɗan abu, kamar hayaƙi. Katangar ba ta yanke kamar wuƙa ba, a hankali ta cinye hoton. Ya ce wataƙila a iya jawo wani abu daga ciki.

Daga ranar ya riƙa zuwa kullum. Ya shiga motar haya tun daga ƙarshen gari, ya sauka a bakin titi, ya tako da sanda. Kwalin takardar hoto ɗaya ya rage masa, tsohuwa. Yadda yake yi shi ne, in ya kunna fitilar injin hoton ya sauka a kan takarda, sai ya sa tafin hannunsa ya tare hasken daga wajen ƙasa, yana kaɗa shi a hankali don kada ya bar alama, saman yana shan haske ƙasan yana samun kaɗan. Sannan ya tsoma takardar a magani mu tsaya muna kallo cikin jar fitila. Benen ya taso, tagogin sama su taso, sannan ƙasa ta yi baƙi ƙirin. Ya ce a sake. Wani ya fito toka-toka babu komai a ciki. A sake. Ɗakin ba iska, warin magani da na fenti, gumi yana ɗiga daga haɓarsa cikin faranti. Ga tsayuwa, ga gwiwa. In ya fito sai ya kwanta a kan bencin aikina, ya rufe ido da hula.

A gida kuwa ce mata yake maganin da aka kawo ba mai kyau ba ne, ana gwadawa.

Na ce masa, "Ka gaya mata mana."

Ya ce, "In ce mata me? Na ɗauki gidan kowa, nata na ɗauki siminti?"

"Ai ba yau ta san ka ba."

"Shi ya sa."

Wata rana da azahar ina zaune a bakin shago, yana ciki, sai ga motar Direba ta tsaya. Yaya ta sauko da ƙyar, tana riƙe da ƙofa, jakarta a hammata.

Ta ce, "Auta, ina ka ɓoye mini miji?"

Na miƙe na ce, "Sannu da zuwa, Yaya. Yana ciki, amma kada ki buɗe, haske zai ɓata aikin."

"Kai ma ka koyi zancen." Ta wuce ni ta ƙwanƙwasa ƙofar da bayan hannu. "Mai hoto! Ka fito ko in shigo maka da rana."

Can muka ji motsin faranti, ƙofa ta buɗe. Ya fito yana ƙifta ido, hannuwansa a jiƙe, rigar ta manne masa a baya. Ta dube shi tun daga kai har ƙafa. Ta ɗage bargon ta shiga. Hotunan suna nan jere a waya, sun fi ashirin, duk abu ɗaya. Ta sa tabarau ta bi su ɗaya-ɗaya.

Ta ce, "Ga tagar ma'aikaciyar asibiti. Ga ta malamin nan mai rediyo, da ba ya barin mutum barci. Ga ta uwar 'yan biyu, daga nan take watso mini ruwan wanki a kan shanya, Allah ya yafe mata. Kai, har bututun da ke yoyo ya fito." Ta sa yatsa a kan baƙin da ke ƙasa. "Mu fa?"

Ya gaya mata. Bai ƙara ba bai rage ba, bai ce gajiya ba, bai ce tsani ba. Ya ce ya ajiye ta inda bai kamata ba, kuma bai duba ba.

Ta daɗe tana tsaye. Na ji motar Direba tana ta ƙugi a waje. Sannan ta kai hannu ga na ƙarshen layi, wanda ya buga da safen nan, bai gama bushewa ba. Ta fito da shi bakin ƙofa wajen haske. A wannan, ƙarƙashin hawa na biyu, kafin baƙin ya rufe, akwai wani abu mai gicciye, dishi-dishi, da ɗan kusurwar taga a ƙarƙashinsa.

Ta ce, "Wannan rumfar kwanon ce?"

Ya ce, "Ita ce."

"Wadda na yi damina biyu ina roƙo ruwa na jiƙa mini ɗinkin mutane?"

"Ai na kafa."

"Auta ya kafa. Kai kana tsallaken titi ka rufe ido ɗaya kana cewa a ɗaga hagu, a sauke dama, har yaron ya kusa faɗowa."

Yaron ni ne. Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Sunkuyau ya matso ya ce, "Akwai sauran takarda kaɗan. Ki ba ni kwana biyu. In na ƙara riƙe hasken zan iya fito da rabin tagar."

Ta juyo wajena. "Auta, kai ba ka iya ƙarya ba tun kana ƙarami. Akwai taga a cikin abin nan?"

Na dubi ƙasa. Na ce, "Babu, Yaya. Iyakarta ke nan."

Ta koma cikin ɗakin. Ta zare fim ɗin daga cikin injin, ta tattara sauran guntayensa da ke rataye, ta naɗe su cikin hankici ta jefa a jaka ta ja zif. Ya miƙa hannu kamar zai hana, ya fasa.

Ta ce, "Na karɓi aikina. An gama."

Ya ce, "Ban taɓa miƙa wa mutum aiki irin wannan ba."

"To yau ka miƙa. Dubi ƙafarka yadda ta koma. Gida ya tafi, kai ma so kake ka bi shi a bar ni da bangon maƙwabci? Nemi takalminka, yaron nan yana ƙona mai."

Ya zauna a kan benci yana laluben takalmin da ƙafa. Ɗaya ya shige ƙarƙashin tarin katako, na durƙusa na jawo masa. Ƙafar ta kumbura har ba ya shiga, sai ya take bayansa ya sa a haka.

Kafin ta hau mota Yaya ta miƙo mini hoton ta ce in yi masa firam, mai gilashi, kada in yi mata irin aikin da nake wa 'yan kasuwa. Na auna shi da ido. Na ce in an yanke baƙin nan na ƙasa zai fi kyau, benen zai cika firam ɗin, babu wanda zai san wani abu ya faru.

Ta ce, "Ka yanke ina? Nan ne ɗakina."

Direba ya taimaka wa uban ya hau, ya rufe ƙofa, suka tafi. Na koma na kashe jar fitilar, na zubar da maganin a kwata, na cire tsummokaran daga jikin ƙofa. Sannan na nemo wani guntun katako mai kyau da na daɗe ina ajiya, na fara gogewa.